Daɓen Ɗakin 'Yan Biyu

Litinin, 12 ga Maris, 2001, bayan la'asar

Zafi ya sauka sosai. Na dawo daga zagayen kasuwar Kiyawa ƙafafuna kamar ba nawa ba. Mahauta sun hango ni tun daga nesa sun ɓoye naman jiya, na san sun ɓoye, su ma sun san na sani. Shekara da shekaru ina aikin duba-gari a ƙasar nan, har gobe in na ba da baya "Bayawurin nan" nake. Ba laifinsu ba ne gaba ɗaya. Wanda aikinsa leƙa masai da randar mutane bai kamata ya sa ran a so shi ba.

A gida na tarar Hassana ba lafiya. Ɗaya ce daga 'yan biyun Yahuza, ɗan Baba Gwadabe, mai gidan da nake zaune a shagon ƙofarsa. Amai take yi, ta ƙi nono, ta ƙi kunu. Kakarsu Inna Fatsuma ta ce haƙori ne. Na taɓa jikinta, babu zazzaɓi. Huseina kuwa tana nan lafiya lau, tana bin bango tana koyon tafiya, ta kama wandona ta ƙi saki. Baba Gwadabe ya ce, "Malam Ashafa, ka kiyaye ni. Amaryata kake wa zawarci a gaban idona?"

Ni ma na ce haƙori ne.

Laraba, 14 ga Maris, da hantsi

Hassana ta yi jijjiga da safe. Ido ya juye, baki ya datse, ƙafafu suna harbi. Uwarsu Munira tana riƙe da ita ba ta ko kuka. 'Yar fari ce, kunya ta hana ta kiran sunanta, sai "Inna, dubi wannan, dubi wannan" take ta faɗi.

Kalma ɗaya ce a bakin kowa, sanƙarau. Tun wanda aka yi a casa'in da shida mutane ba sa jin bazara ta shigo sai gabansu ya faɗi. Na lanƙwasa wuyan yarinyar, ya lanƙwasu. Jiki ba zafi. Ban taɓa ganin sanƙarau mai sanyin jiki ba. Ban san mene ne ba, wallahi ban sani ba.

Na ce a kai ta asibiti Dutse. Inna Fatsuma ta ce a bari ta sha rubutu tukuna. Yahuza ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya dubi ƙasa.

Laraba, bayan magariba

Sun tafi a babur ɗin Yahuza.

Alhamis, 15 ga Maris, da yamma

Bubayero, bafulatanin da ke kawo mana nono daga rugar bayan gari, ya tare ni a hanya. Ya ce, "Malam, kai likitan kasuwa ne, ko za ka duba mini saniya?" Na ce ni ba na dabbobi ba ne. Ya ce in dai zo in gani.

Na gani. Ta kafa goshinta a jikin kuka tana turawa kamar za ta kayar da ita. Idanunta a buɗe amma ba ta gani, na kaɗa hula a gabanta ko ƙiftawa. Tana ta tauna haƙora, yawu na dalala. Ya ce maraƙinsa guda ya mutu a haka satin da ya wuce. Na tambaye shi me suka ci. Ya ce abin da sauran suka ci, sai dai waɗannan biyun ba sa rabuwa da lasar ƙasa a Tudun Harbi.

Na ce Allah ya sawwaƙe, na wuce. Hankalina yana Dutse.

Juma'a, 16 ga Maris, kafin masallaci

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. A hannu Baba Gwadabe ya ɗauki Hassana, ba a nemi makara ba.

Asabar, 17 ga Maris

Zafi. Ban fita ba.

Lahadi, 18 ga Maris, bayan azahar

Dole in rubuta wannan.

Bayan addu'ar uku na shiga cikin gida yi wa mata gaisuwa. Na durƙusa a ƙofar ɗakin Munira. Huseina tana zaune a ƙasa a lungun gado, tana ƙwaƙular daɓe da farce tana kaiwa baki. Kowane yaro yana yin haka, nawa ma sun yi. Na sa yatsa na ciro abin da ke bakinta don kada ta ƙware. Jar ƙasa ce, sai wani ɗan abu mai launin toka, bai kai ƙwayar gero ba. Na danna shi da farce, ya lotsa. Na goga shi a bayan takarda, ya yi zane kamar fensir.

Dalma ce. Ba zan ɓata dalma ba ko a mafarki. A Yawuri da ita muka tashi, mahaifina da ita yake yi wa birginsa na kamun kifi nauyi don ragar ta nutse a ruwa.

Na duba daɓen da kyau. Sumul, ja wur, ko tsaga babu, in rana ta shigo ta ƙofa har wani ƙyalli yake yi. Na ce, "Inna, wannan daɓe daga ina aka ɗebo ƙasarsa?"

Duk da baƙin cikin da take ciki sai da fuskarta ta ɗan saki. Ta ce lokacin da Munira za ta dawo daga wankan jego ta tara matan unguwa suka yi mata shi, ɗaki da tsakar gida. Ta ce, "Ƙasar Tudun Harbi ce. Babu irinta a duk yankin nan, kamawa take kamar siminti. Ruwan makuba kwana da kwanaki muna yayyafa mata."

Na ce, "Inna, ƙasar nan akwai harsashi a cikinta."

Ta ce, "Ka ji Bayawuri. Ni za ka gaya wa? Da rariya muka tankaɗe ta, sau biyu. Harsashi ko ɗaya bai shiga ɗakin nan ba, kwano guda muka tsince muka ba maƙeri. Lallausar kawai muka ɗauka."

Lallausar kawai.

Na fito ban yi sallama ba.

Litinin, 19 ga Maris, da hantsi

Na je Tudun Harbi, Bubayero ya raka ni. Ko tafiyar shan shayi bai kai ba daga gari, amma ban taɓa taka shi ba. Fili ne miƙaƙƙe, a ƙarshensa an tara ƙasa ta yi tudu mai tsawo. Masu kaki ne suka yi shekaru suna zuwa koyon harbi, tudun ne yake tare harsashi. Wasu sun ce sojoji ne, wasu sun ce 'yan sanda. Ba wanda ya tambaye su da suka zo, ba su kuma yi wa kowa sallama ba da suka daina zuwa.

An cinye gefen tudun da fartanya, ya yi kogo. Na cusa hannu na damƙo. Nauyin ƙasar ma daban ne. Manyan harsasan sun yi fari-fari, suna marmashewa a yatsa kamar tsohon gishiri. Abin da ya marmashe ina ya tafi? Cikin ƙasar. Cikin lallausar. Rariya ta kwashe wanda ido yake gani, wanda ma ba mai haɗiye shi, ta bar wanda yake bin yawu da numfashi.

Daga ƙasan tudun akwai hanyar ruwa. Kai tsaye kududdufin gari ta nufa.

Bubayero ya ce, "Malam, me ka gani?"

Na ce ya hana shanunsa zuwa nan.

Litinin, bayan la'asar

Na gaya wa Baba Gwadabe a zaure, mu biyu. Ya saurara har na gama, yana jan carbi. Ya ce, "Malam, kana nufin ɗakin ne?" Na ce ina zargin ɗakin ne, da tsakar gidan da ake shanya gero. Na ce a fasa daɓen, a kwashe.

Ashe Inna Fatsuma tana bayan ƙyaure. Ta shigo ko mayafi bai zauna daidai ba.

"Faɗe shi sosai, Duba-gari. Ka ce ni na kashe ta."

"Inna, ban ce haka ba."

"To me ka ce? Hannuna ne ya yi daɓen nan. Kai da kake shiga gida-gida da alli, ka taɓa samun abin faɗi a gidana? Safe da yamma nake share ɗakin nan da kaina."

Gaskiya ta faɗa. Babu gida mai tsabtar nata a garin nan. Kuma kowace shara tayar da ƙurar take yi, daidai tsayin hancin mai rarrafe. Wannan ban iya gaya mata ba.

Ta ce duk wanda ya sa fartanya a ɗakin nan sai dai ya fara da ƙafarta.

Laraba, 21 ga Maris, da safe

A gidanmu na Yawuri a tsakar gida ƙanena yake narka dalma a gwangwani. Nan 'ya'yana suke wasa. Jiya abin ya faɗo mini ina alwala, na tsaya da buta a hannu. Na je tasha na ba wani direba saƙo ya kai wa matata Halimatu Sa'adiya, a daina narka ta a gidan. Ban san yaushe zai isa ba.

Alhamis, 22 ga Maris, da yamma

Huseina ta fara amai.

Juma'a, 23 ga Maris, da hantsi

Mata suna ta shiga suna fita, kowace da abin da take raɗawa. Wai 'yar'uwarta ce take kiranta, wai haka 'yan biyu suke, in ɗaya ta tafi sai ta ja ɗayar. Wata tsohuwa har ta ce a daina wahalar da yarinya, a bar su su haɗu.

Wannan karon Yahuza bai dubi kowa ba. Ya ce wa matarsa ta goya ta. Ya ce da ni, "Malam, hau mu tafi, kai ka san abin da za ka gaya musu." Mu uku da goyo a babur ɗaya har Dutse.

Asabar, 24 ga Maris, bayan azahar

Likitan matashi ne, da alama bai yi barci ba. Da na ce dalma sai ya ɗago kai ya ce, "Dalma a ƙauye? Batir suke fasawa?" Na kwance ƙullin ƙasar da na zo da ita na zuba masa a tebur. Ya daɗe yana juya ta da biro.

Ya sa aka ɗauki hoton cikinta. Ya ɗaga shi a taga ya kira ni. Cikin yarinyar ɗigo-ɗigo fari, kamar an watsa garin alli. Ya ce ga shi nan, abin da ta ci ne. Ya ce ta farkon da aka kawo sanƙarau suka ɗauka, don shi ake kawowa a wannan lokaci. Bai kare kansa ba, ni ma ban zarge shi ba. Ni da nake kwana a ƙofar gidan, haƙori na ce.

Akwai allurar da take janyo dalma daga jini, ya ce babu ita a nan, zai aika Kano a nemo. Sannan ya faɗi abin da na riga na sani.

"Malam, ko na wanke jininta tas, in ta koma ɗakin nan aikin banza na yi. Za ku dawo mini da ita, kuma ba na jin za ta jure karo na biyu."

Munira tana zaune a bakin gado tana jin komai.

Litinin, 26 ga Maris, bayan la'asar

Na je ofis. Oga ya ce in rubuto. Na ce na rubuto, ga shi. Ya ce fili ne na masu kaki, ba huruminmu ba ne, kuma motar ofis tana wurin taron wa'azi. Ya ce, "Ashafa, kai baƙo ne, kada ka jawo wa kanka abin da 'yan gari ba su jawo ba." Ba mugun mutum ba ne. Tsoro yake ji, kuma saura kaɗan ya yi ritaya.

Shi ke nan. Mu da fartanyarmu.

Laraba, 28 ga Maris

Allura ta iso. Huseina ta yi jijjiga sau ɗaya, abin ya tsaya.

Juma'a, 30 ga Maris, bayan an sauko

Na roƙi Liman ya yi magana. Ban sa ran komai ba. Ya tambaye ni tambayoyi fiye da na oga da na likita, har da ko taimama da ƙasar ta halatta. Bayan salla ya miƙe ya ce ajali na Allah ne, ba mai ja da wannan, amma wanda ya ga ƙaya a hanya ya bar ta sai an tambaye shi. Ya ce duk gidan da aka yi daɓe ko yaɓe da ƙasar Tudun Harbi su ɗaga hannu.

Na juya na duba sahu. Innalillahi. Ban ƙirga ba, na kasa.

Wani daga baya ya ce, "Shekara nawa muna ɗiba ba mu mutu ba?" Wani ya ce, "Kai ka mutu, ba ka sani ba ne." Aka yi dariya kaɗan. Sai aka ga Baba Gwadabe, dariyar ta tsaya.

An sa gayya ranar Lahadi.

Lahadi, 1 ga Afrilu, da yamma

Mun yi tudun. Ba kwashe shi muka yi ba, wa zai iya, kuma a kai shi ina. Rufe shi muka yi. Wani malamin gona da likita ya haɗa ni da shi ya ce in aka barbaɗa takin sufa yana kama dalma ya riƙe ta, ba ta bin ruwa sosai. Manoma sun ga ana zuba sufa a tudun da ba a shuka komai, ga damina ta kusa, kamar su yi kuka. Duk da haka wasu sun kawo. Muka yayyafa ruwa don ƙura, muka barbaɗa, amalanke suka yi ta kawo marmara muna lulluɓewa muna dannewa. Aka datse hanyar ruwan da ta nufi kududdufi, aka kewaye wurin da ƙaya. 'Yan hisba sun ce za su riƙa leƙawa.

Ban san ko zai kai baɗi ba. Ƙaya itacen girki ce ga wanda ba shi da itace.

Gidaje kaɗan sun fara fasa nasu. Ɗakin Munira an sa masa kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zanen Inna Fatsuma.

Talata, 3 ga Afrilu, da safe

Inna Fatsuma ba ta amsa gaisuwata. Tuwon da take aiko mini da shi yana nan yana zuwa, a rufe, da zafinsa.

Alhamis, 5 ga Afrilu, bayan magariba

Yahuza ya dawo daga Dutse. Likita ya ce mako mai zuwa za a sallame su. Ya zauna a dakalina ya riƙe kai. Ya ce ya nemi a kai Munira da yarinyar gidansu a Aujara su zauna, Baba ya ce jikarsa gidan ubanta za ta dawo, ba za a ce gidansa ya gagari jariri ba. Ya ce ya yi niyyar ɓalle kwaɗon.

"To in na ɓalle, Malam, na ce wa duniya uwata ce sanadi. Da wane ido zan dube ta?"

Na ce da wane ido zai dubi Huseina. Bai kamata in faɗa da wannan muryar ba. Ya tashi ya tafi.

Ba labari daga Yawuri.

Asabar, 7 ga Afrilu, da hantsi

Ban gama dawowa cikin hankalina ba.

Ina shirin fita sai ga Inna Fatsuma a ƙofar shagona, karo na farko tun ranar nan. Ta ce, "Duba-gari, shigo. Yau za a gama maganar nan." Baba Gwadabe yana tsakar gida a kan kujera, matan maƙwabta biyu suna tsaye. Ashe shaidu ta tara.

Ta buɗe kwaɗon, ta shiga da taɓarya, ta ɓantaro gefen daɓen ta bayan ƙofa. Ta daka shi a tsohon turmi ya yi laushi. Ta zuba a ƙwarya, ta cika da ruwa.

Ta ce, "Tun ban kai aure ba nake regaya. Tsakuwa ɗaya ba ta taɓa kuɓuce mini ta shiga tuwon mai gidan nan ba. In akwai ƙarfe a ƙasar nan zai kwanta a gindin ƙwarya. In babu, ka tattara kayanka ka koma wurin kifinku."

Na ce na yarda.

Ta fara juya ƙwaryar, tana karkatawa, jan ruwa yana zuba a ɗaya ƙwaryar. Ta ƙara ruwa, ta juya, ta tsiyaye. Hannun nan ya san aikinsa. Ja yana raguwa, yana raguwa. Ɗaya daga matan ta ce, "To ga shi nan, yashi ne kawai." Inna ta ci gaba da aikinta. Ta ƙara ruwa ta sake juyawa a hankali, yashin ma ya wuce.

Abin da ya rage ya kwanta a gindin ƙwarya ya ƙi motsi. Launin toka, laushi kamar kwalli. Daga ɓantare ɗaya.

Ta sa yatsa ta shafo, ta murza. Yatsan ya yi baƙi. Ta daɗe tana kallonsa. Na yi zaton za ta yi kuka ko salati. Sai ta ce, a hankali, ba da kowa take ba, "A nan nake zaunar da su in ba su fura."

Baba Gwadabe ya tashi ya fita. Matan suka sulale. Ni ma.

Wallahi da na fi so in sha kunya in koma Yawuri.

Lahadi, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Tun da sassafe na ji mata a tsakar gida. Duk waɗanda suka yi daɓen Inna ta aika aka kira, ba wadda ta ƙi zuwa. Yahuza ya kawo samari da diga, ta ce su tsaya a waje su jira buhu, waɗanda suka yi su ne za su fasa.

Ta aiko a kira ni. Ta ce, "Faɗa mana yadda ake yi." Ba ta dube ni ba.

Na faɗa. A fitar da yara daga gidan gaba ɗaya. A jiƙa ƙasa sharkaf kafin a sa fartanya, kuma a yi ta jiƙawa. Kowa ya ɗaure hanci da tsumma mai laima. Ba tsintsiya. A haƙa har sai an wuce jar ƙasar an tarar da ta asali, a ƙara kaɗan. A zuba a buhu a ɗaure baki. Ba mai cin goro sai ya wanke hannu.

Suka yi. Ƙasar ta kama kamar yadda ta faɗa, sai da suka haɗa da taɓare. Ɗaki, sannan tsakar gida, sannan yaɓen gindin bango. Samari suna loda buhuna a amalanken Bubayero, ana kai su wani rami da muka haƙa nesa da rijiya da gonaki, muka shimfiɗa masa leda da yumɓu. Na tsaya a kan ramin har aka rufe, don na san in aka bar buhu ɗaya a fili wani zai ga jar ƙasa mai kyau ana asararta.

Tabarmi da katifar yara an binne su tare. Gado, kwanuka, ƙofa, har azara, an goge da tsumma da ruwan omo, a wanke a sake. Turmin jiya da ƙoren biyu ita da kanta ta jefa a amalanke.

Da aka zo lungun gado, inda faratan yara suka yi 'yan ramuka, matan suka ja baya. Ita ta haƙe wurin.

Litinin, 9 ga Afrilu, da yamma

An kawo yashi daga rafi, an yi siminti a ɗakin. Tsakar gida an zuba sabuwar ƙasa daga gonar Baba. Hadari ya taso ta gabas ya watse.

Sauran gidajen da suka ɗaga hannu, wasu sun yi, wasu sun ce sai bayan shuka. Gobe zan sake zagayawa. Na gaji da muryata.

Laraba, 11 ga Afrilu, bayan la'asar

Sun dawo.

Huseina ta rame, kai ya yi mata girma. Hannun hagu bai cika ƙarfi ba, kuma ta daina bin bango, sai zama. Baba Gwadabe ya ce, "Amarya, kin dawo?" ba ta juyo ba. Likita ya ce wani abin zai dawo, wani ba zai dawo ba, kuma ba shi da hanyar sanin wanne ne wanne. Ya ce a mayar da ita bayan wata, a riƙa ba ta nono da wake da zogale, a wanke mata hannu kafin komai ya shiga bakinta.

Mata sun cika gida da barka. Kowace ta karɓe ta ta yi mata wasa. Inna Fatsuma tana can bakin madafa, ta juya baya tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Ba ta matso ba. Tun da aka tafi asibiti ita da Munira ba su haɗa ido ba, kuma kowa a gidan ya san haka. Surutun ya fara raguwa.

Munira ta karɓi 'yarta daga hannun wata. Ta ratsa tsakar gidan har bakin madafa, ta durƙusa.

"Inna, karɓe ta. Bayana ya gaji."

Inna Fatsuma ta juyo. Ta miƙo hannu, sai ta tsaya, ta dubi tafukanta. Ta ce, "Tsaya." Ta je randa ta ɗebo ruwa, ta wanke da sabulu har gwiwar hannu, ta bi ƙarƙashin kowane farce. Munira tana durƙushe tana jira. Ta ɗauraye, ta yarfe, ta ƙi gogewa da zanenta.

Sannan ta karɓa.